Azumi A Kasuwannin Ƙonni Da Illela: Baki Ya Kame, Tiya Fa?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Birnin Ƙonni ranar Laraba a cikin watan azumi, musamman a shekarun da watan ya riƙa faɗowa cikin bazara, ba sai an ba shi labarin halin da ake shiga ba idan rana ta take tsaka. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura maki 40, daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana kuwa kusan awa 14 ne. Amma duk da haka za ka tarar da mai awon hatsi a durƙushe gaban tiyarsa, ɗan dako na sauke buhunan albasar Galmi, mai ƙosai kuma tun la'asar ta hura wuta tana fama da hayaƙi, alhali ko ɗigon ruwa bai wuce maƙogwaron ɗayansu ba. Ga randa a gefe, ga mai ƙanƙara yana wucewa, babu ɗan sanda ko dogarin sarki da ke tsaye a kansu, amma ba wanda zai miƙa hannu.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace a yau mu tattauna da 'yan uwanmu 'yan kasuwa, maza da mata, na yankin nan da ya haɗa Ƙonni da Malbaza da Illela ta ƙasar Adar a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, har da takwararta Illela ta jihar Sakkwato da ke tsallaken iyaka. Za mu duba hukunce-hukuncen azumi waɗanda suka fi shafar mai zaman rumfa da mai bin mota, sannan mu yi wa kanmu tambaya guda: mutumin da ya iya hana kansa ruwan da ya saya da kuɗinsa saboda tsoron Allah, me zai sa ya kasa hana kansa dalar da ba tasa ba?

Ayar da ke maƙwabtaka da ayoyin azumi

An wajabta azumin Ramadan a watan Sha'aban na shekara ta 2 bayan Hijira, wato daidai da shekarar 624 miladiyya, kuma Manzon Allah (SAW) ya azumci Ramadan 9 kafin ya bar duniya. Hukuncin ya zo a Suratul Baƙara daga aya ta 183 zuwa ta 187, inda tun a ayar farko aka bayyana cewa abin da ake nema da azumi shi ne taƙawa, wato tsoron Allah a ɓoye da sarari.

Abin da da yawa daga cikinmu ba mu cika lura da shi ba shi ne ayar da ta biyo baya kai tsaye, wato ta 188. Ana gama maganar azumi sai maganar dukiya ta shigo, aka hana cin dukiyar juna ta hanyar zalunci, aka kuma hana kai toshiya ga masu hukunci don a cinye haƙƙin wani. Malaman tafsiri sun daɗe da jan hankali kan wannan maƙwabtaka. Wanda aka horar da shi wata guda yana barin halal da rana, ana so ne ya fito da ƙarfin barin haram dare da rana har ƙarshen rayuwarsa. Ke nan ɗan kasuwa na cikin sahun farko na waɗanda darasin azumi ya dosa.

Mutanen wannan yanki kuwa ba baƙi ba ne ga irin wannan karatu. A Maratta da ke kusa da Galmi aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a shekarar 1754. A littafinsa Ihya'us Sunna ya ware babi na azumi, ya kuma ware na ciniki, a Nurul Albab kuma ya yi kakkausar suka ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin addini. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru inda jajoji ke bin ƙauyuka suna koya wa mata tsarki da salla da azumi. Tun kafin su ma an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai san hukuncin ciniki ba ya zauna kasuwar Madina. Saboda haka Hajiya mai tumatir da Inna mai fura, wannan karatu naku ne kamar yadda yake na Alhaji mai sito.

Ganin wata da ɗaukar niyya

Ana shiga azumi ne da ganin jinjirin wata, ko kuma da cikar Sha'aban kwana 30 idan ba a gan shi ba. A Nijeriya Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ke bayar da sanarwa, a Nijar kuwa hukumomin Yamai ne tare da majalisar malamai. Wani lokaci sanarwar kan zo ɗaya, wani lokaci kuma ta saɓa. Idan masu karatu ba su manta ba, a 2022 an yi ƙaramar salla a Nijar ranar Lahadi 1 ga Mayu, Nijeriya kuma sai Litinin 2 ga wata. Haka aka sake yi a 2024, inda Nijar ta yi ranar Talata 9 ga Afrilu, Nijeriya ta yi Laraba 10 ga wata. Wato ana cin tuwon salla a Ƙonni, a Illelar Sakkwato kuwa, wadda ɗan kabu-kabu ke kaiwa cikin 'yan mintoci, bakin jama'a a kame yake.

To ina matsayin wanda ke kwana nan ya wuni can? Fatawar da malamai da yawa suka tsaya a kai ita ce mutum ya bi jama'ar garin da ranar ta same shi, ya yi azumi tare da su, ya sha ruwa tare da su. Sai dai watan Musulunci ba ya gaza kwana 29, don haka wanda ya ƙirga ya ga 28 kawai ya samu saboda sauyin wuri, sai ya rama guda bayan salla. Abin da bai dace ba shi ne mutum ya tsallaka iyaka da gangan don kawai ya rage wa kansa yini ɗaya, ko ya tsaya a bakin kasuwa yana yi wa 'yan uwansa na ɗaya ɓangaren gorin cewa azuminsu ko sallarsu ba ta yi ba.

Game da niyya kuwa, littattafan da aka fi karantawa a zaurukanmu, irin su Ishmawi da Iziyya da Risala ta Ibn Abi Zaid wanda ya rasu a 996 miladiyya, duk na mazhabar Imam Malik ne. A wannan mazhaba niyya ɗaya a daren farko ta wadatar wa watan gaba ɗaya, da sharaɗin a ƙulla ta kafin alfijir. Amma idan azumin ya yanke saboda tafiya ko ciwo ko jinin al'ada, dole a sabunta ta lokacin da za a ci gaba. Niyya a zuci take, tashin da mutum ya yi don sahur ma ya nuna ta. An so a jinkirta sahur, a gaggauta buɗa baki da zarar an tabbatar rana ta faɗi. Wanda ya ci abinci yana shakkar ko alfijir ya keto, ko ya sha ruwa saboda hadari ya rufe sama daga baya rana ta bayyana, ramuwa ta hau kansa.

Abin da ke karya azumi a bakin rumfa, da wanda ba ya karyawa

Kowa ya san ci da sha da saduwar aure da rana suna ɓata azumi, haka goro da taba da janyo amai da gangan. Tambayoyin da suka fi yawa a kasuwa su ne na abubuwan da sana'a ke jawowa.

Mai awon gero da dawa da ke wuni cikin ƙaiƙayi, da mai injin niƙa, da leburan da ke lodin siminti a Malbaza, da direban da ke bin hanyar da ba kwalta, su kwantar da hankalinsu. Malaman Malikiyya, ciki har da mai Mukhtasar, sun ambaci ƙurar hanya da ta gari da ta awo da ta farar ƙasa a cikin abubuwan da aka yi wa mai sana'a rangwame a kansu, domin ba yadda zai yi ya kauce musu. Haka ƙudan da ya faɗa baki ba da son mutum ba, da aman da ya rinjaye shi matuƙar bai mayar da komai ciki ba.

Mai abincin sayarwa kuma hayaƙin itace ba ya karya mata azumi. Amma tururin tukunya da hayaƙin turaren wuta, idan ta kai hanci ta shaƙa da gangan har ta ji shi a maƙogwaro, malamai sun ce ta rama. Ɗanɗana gishirin miya da bakin harshe makaruhi ne, wanda ya yi sai ya tofar, in kuwa wani abu ya wuce to akwai ramuwa. Asuwaki ya halatta yini duka, amma an fi son busasshe. Kwalli da maganin ɗigawa a ido ko hanci, idan aka ji ɗanɗanonsu a maƙogwaro, a mazhabar Malik sai an rama, don haka jinkirta su zuwa dare ya fi. Allurar magani wadda ba ta abinci ba kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta tsaya a kan cewa ba ta karya azumi, saɓanin ƙarin ruwan da ke tsayawa matsayin abinci.

Sai batun mantuwa, wanda ke yawan haddasa musu a majalisu. Mai sayar da dabino ya jefa ɗaya a baki cikin hada-hadar ciniki, sai daga baya ya tuna. A wurin Imam Malik zai kame bakinsa har faɗuwar rana, sannan ya rama yini ɗaya ba tare da kaffara ba. Sauran manyan mazhabobi uku kuwa sun ce azuminsa na nan daram, bisa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Duka maganganun biyu na malamai ne masu daraja, kowa ya bi wanda ya karanta a gaban malaminsa ba tare da zagin ɗan uwansa ba.

Fatake da direbobi

Ƙonni mahaɗa ce. Babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta ratsa ta, a Tsarnawa hanyar Tawa da Agadas ta balle, ta kudu kuma ga hanyar Sakkwato. Albasar Galmi na tafiya har Kwatano da Akra da Abijan. Saboda haka hukuncin matafiyi abu ne na yau da kullum a nan.

Shari'a ta yi wa matafiyi sauƙi ya sha azumi ya rama daga baya, amma da sharuɗɗa. Tafiyar ta kai tsawon da ake ƙasaru, wato mil 48 a lissafin malaman da, abin da ke kamawa wajen kilomita 80. Ke nan mai zuwa Tawa ko Yamai daga Ƙonni ya shiga ciki, amma mai zuwa cin kasuwar Lahadi a Illelar Sakkwato, ko mai zuwa Malbaza ko Galmi, bai shiga ba, ko da ya tsallaka iyakar ƙasa an buga masa hatimi. Sharaɗi na biyu a mazhabar Malik shi ne ya bar gari kafin alfijir. Wanda ya wayi gari a gida da azumi, motarsa ba ta tashi ba sai hantsi, ya cika azumin wannan rana. Sannan idan ya isa inda za shi ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku, kamar mai jiran a sayar da lodinsa, ya koma mazaunin gida, azumi ya hau kansa. Ga wanda tafiya ba ta wahalar da shi, Malikiyya sun ce yin azumin ya fi. Amma direban babbar mota da ya san ƙishirwa da gyangyaɗi na iya sa shi ya hallaka rayukan jama'a, karɓar sauƙin da Allah Ya yi masa shi ne hankali.

Ɗan dako da mai aikin lambu a fadamun Maggiya ba matafiya ba ne. Su za su kwana da niyya su tashi da azumi, sai idan wahala ta kai inda ake tsoron cutuwa ta gaske, sannan mutum ya sha gwargwadon abin da zai ceci ransa, ya rama daga baya. A nan akwai nauyi a kan iyayen gida: wanda ya mayar da lodi zuwa sanyin safiya ko bayan sallar isha'i don tausaya wa yaransa, ya yi sadakar da ba ta ci masa ko dala ba.

Abin da ya keɓanci iyayenmu mata

Mai jinin al'ada da mai jinin biƙi ba sa azumi, za su rama azumin amma ba sa rama salla. Wadda ta ga tsarki kafin alfijir za ta ɗauki niyya ko da ba ta yi wanka ba sai bayan ya keto. Wadda ta ga tsarki da rana, ba dole ne ta kame baki sauran yinin ba, amma ranar na cikin waɗanda za ta rama. Mai juna biyu da ta ji tsoron cutuwar kanta ko abin da ke cikinta za ta sha ta rama, babu ciyarwa a kanta bisa maganar da ta fi shahara. Mai shayarwa kuwa idan ta ji wa jaririnta tsoro, za ta sha ta rama, ta kuma ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana. Tsoho da tsohuwar da ƙarfinsu ya ƙare babu azumi a kansu, an dai so su ciyar idan da hali. Mai ciwon sukari ko gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nemi shawarar likita tun watan bai kama ba, kada kunyar idon mutane ta sa shi jefa kansa cikin halaka.

Muna kuma tunatar da masu bashin azumi cewa wanda ya yi sakaci har wani Ramadan ya riske shi bai rama ba, alhali yana da dama, bayan ramuwar sai ya ciyar da mudu ɗaya a kan kowace rana. Wanda kuwa ya karya azumi da gangan ba da wani uzuri ba, bayan ramuwa akwai kaffara: ciyar da miskinai 60 kowanne mudun Annabi guda, wanda shi ne Imam Malik ya fi so, ko azumin wata 2 a jere, ko 'yanta bawa a zamanin da ake da bayi.

Azumin tiya da ma'auni

Duk abubuwan da muka lissafa a sama su ne ke sa a ce azumi ya inganta ko ya ɓaci. Amma akwai azumin da malami zai ce ya inganta, mai shi kuma ya tashi da yunwa da ƙishirwa kawai. Hadisin da Buhari ya ruwaito ya nuna cewa Allah ba Ya buƙatar barin ci da shan mutumin da bai bar ƙarya da aiki da ita ba. A kasuwa ƙarya ba a baki kaɗai take ba, tana cikin tiya, tana cikin buhu, tana kan sikeli.

Sura ta 83 a cikin Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifin, da masu tauye awo ta buɗe, kuma ta siffanta su daidai da abin da muke gani: idan za su saya sai sun cika, idan za su sayar sai su rage. Wane ne a cikinmu bai san mai tiya biyu ba, babba ta sayen hatsi daga hannun baƙauye, da wadda aka bubbuge gindinta ta sayar wa mai cefane? An ruwaito cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina mutanenta sun yi ƙaurin suna wajen wannan hali, amma bayan saukar surar suka gyara. Mutanen Madyana kuwa da Annabi Shu'aibu ya yi wa irin wannan gargaɗi suka ƙi ji, ƙarshensu halaka ce.

Muslim ya ruwaito cewa wata rana Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mai saye zai gani, ya kuma nisanta mai algus daga tafarkinsa. Mu ɗauki wannan hannu mai albarka mu cusa cikin kayanmu. Buhun albasar da aka jera manya a baki aka cusa ruɓaɓɓu a tsakiya, geron da aka haɗa da tsakuwa, nonon da aka tsinka da ruwa, fetur ɗin kwalba da aka gauraya, naman da aka ɓoye ƙashi a ƙarƙashinsa, duk hukuncinsu ɗaya. A karar dabbobi ta Illela ko ta Badagishiri, wanda ya san sansa na da ciwo ya yi shiru, da dillalin da ke ƙara taya ba don zai saya ba sai don ya ruɗi baƙo, su ma suna ciki. Mai saye ma ba a bar shi ba, domin wanda ya matsa wa manomi ya cika masa buhu har ya yi tozo a kan kuɗin buhu ɗaya, saboda ya san manomin na cikin matsi, shi ma ya tauye. 'Yan canjin naira da sefa kuma su tuna ƙa'idar canji ita ce hannu da hannu, kuma cusa yagaggiyar takarda ko rage ɗaya a tsakiyar ƙulli cin amana ne.

Sai rantsuwa. Kalmar wallahi ta zama kamar gishiri a bakin wasunmu, a rantse an sayo kaya kaza alhali ba haka ba ne, a rantse an taya kaza alhali ba wanda ya taya. Hadisi ya tabbata cewa rantsuwa na sa kaya su shige amma tana shafe albarkar ribar. Harshen da ya bushe saboda Allah bai kamata ya jiƙe da rantsuwar ƙarya a kan jaka guda ba. Idan kuma mai saye ya zo da baƙar magana, koyarwar ita ce mutum ya sanar da shi yana azumi, ya ja bakinsa.

Ɓoye kaya da tsawwala farashi

Kowace shekara da zarar Sha'aban ya raba, sai a ji kukan sukari da mai da gero da dabino sun tashi. Ba duka laifin ɗan kasuwa ba ne, wannan gaskiya ce. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an sake rufewa, sai cikin azumin 2024 aka buɗe, Nijeriya a ranar 13 ga Maris, Nijar kuma ranar 22 ga wata. A irin wannan hali kuɗin mota da na hanya kan ninka, kuma wanda ya sayo da tsada ba a ce ya sayar da faɗuwa ba. Musulunci bai hana riba ba, Nana Khadija 'yar kasuwa ce, Abdurrahman bin Auf kuma da hannu wofi ya shiga kasuwar Madina ya zama attajiri.

Abin da aka hana shi ne mutum ya kwashe abinci daga kasuwa ya kulle a sito lokacin da jama'a ke tsananin buƙata, yana jiran kuka ya yi yawa ya fito da shi. Hadisin Muslim ya kira mai wannan hali mai laifi. Dattawan jihar Tawa ba su manta da 2005 ba, shekarar da fari da farin dango na daminar 2004 suka jefa yankin cikin yunwa, hatsi ya gagari talaka, iyaye mata suka cika cibiyoyin kula da yara masu tamowa. Hukumar OPVN kan fitar da hatsi a sayar da rahusa a lokutan matsi, amma abin takaici ne a ce wani ya bi ta bayan fage ya saye rabon talakawa ya dawo da shi kasuwa da tsada, sannan da magariba ya shimfiɗa tabarma yana raba kunun sadaka. Yunwar da mai hali ke ji daga azahar zuwa magariba an ɗora masa ita ne don ya san abin da maƙwabcinsa ke ji shekara duka.

Bashi da alkawari

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, aya ta 280 kuma ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Kasuwancinmu kusan duk a kan amana yake tafiya, a ɗauki kaya a Ƙonni a biya bayan an dawo daga Tawa. Wanda ake bi kuma yana da abin biya, jinkirinsa zalunci ne, kuma bai dace ya tafi Umra da kuɗin mutane ba. Wanda ke bi kuma ya sassauta wa wanda ya san ya karye. Teloli ma muna roƙonsu, kada a karɓi ɗinkin da an san ba za a gama ba, a bar marayu da kuka ranar idi. Goman ƙarshe lokacin neman daren Lailatul Ƙadri ne, kuma shi ne lokacin da kasuwa ta fi ci, mai hankali sai ya raba dare, ya ba rumfa nata ya ba masallaci nasa.

Zakkar fid-da-kai

A ƙarshen wata akwai zakkar fid-da-kai, wadda wasu ke kira zakkar kono. Sa'i ɗaya ne, wato mudun Annabi 4, daga abincin da ya fi rinjaye a gari, wanda a wannan yanki gero ne ko dawa ko shinkafa. Magidanci zai fitar wa kansa da duk wanda ciyarwarsa ke wuyansa, har jaririn da aka haifa kafin salla. A lura, mudun Annabi ba shi ne mudun kasuwa ko tiya ba, shi cikin tafin hannu biyu ne na mutum matsakaici, don haka a nemi ma'aunin da malaman gari suka tabbatar. An fi so a fitar bayan alfijir kafin a tafi idi, ya kuma halatta a gabatar da kwana ɗaya ko biyu. Masu awo su ji tsoron Allah a waɗannan ranaku fiye da kullum, domin wanda ya tauye wa mai sayen hatsin zakka ya cuci mutum biyu, mai bayarwa da miskinin da za a ba.

Muna ba da shawara ga sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan hatsi da na 'yan albasa da su riƙa zagayawa da tiya guda tabbatacciya kafin watan ya kama, a gwada ta kowa a bainar jama'a. Malaman da ke tafsiri a masallatan Ƙonni da Malbaza da Illela kuma su ware ko da kwana biyu ne don babin ciniki, a kuma sa lokacin da mata za su samu halarta. Mu kuma kowannenmu, idan ladan ya kira magariba ya ɗauki dabino zai kai baki, ya tambayi kansa ko kuɗin da ya sayi wannan dabino ya shigo ta hanyar da zai iya bayaninta gobe kiyama.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, amin.